'Yan Cika Rumfa

Ni mutum ne mai baki, kuma a unguwarmu Kilomita Biyar, da muke ce wa Sankilo, babu wanda bai san haka ba. Shagona yana bakin Titin Koudoukou, tsakanin wani mai canji da mai sayar da tayoyin moto. Ina gyaran waya, ina kuma zuba wa mutane fina-finai da gem a cikin kati. In sabon gem ya fito, ni ake tambaya. Na ce yana da kyau, samari su yi layi. Na yamutsa fuska na ce tarkace ne, to ya mutu ke nan a unguwarmu, ko da kuwa duniya tana can tana yi masa rawa. Na saba da wannan matsayi har na fara ji kamar gadonsa na yi.

Gadona na gaskiya kuwa atamfa ce. Baba, Allah ya jiƙansa, rumfarsa tana layin 'yan atamfa a cikin babbar kasuwa, kuma a ƙarƙashin teburinsa na yi wayo. Duk ranar da mota ta sauke sabuwar dila daga Kamaru, Baba ba ya kwance ta haka kawai ya zauna jiran rabo. Sai ya aika a kira gwaggona da wasu mata na unguwa. Su ci ado, su zo ɗaya bayan ɗaya kamar ba su taɓa ganin juna ba, su tsaya gaban rumfa suna ɗaga turmi suna kara shi a jiki. Wannan ta ce a ajiye mata mai ruwan goro, waccan ta ce ina, ai ita ta riga taɓa shi. Har faɗa suke yi, wallahi, faɗa mai rai, da harara da murguɗa baki. Mace mai wucewa da kwandon cefane ba ta iya ganin mata sun taru a kan zani ta yi gaba abinta. Kafin azahar dila ta yi rabi.

Da yamma matan su biyo ta gida su maido da turamen da suka yi kamar sun saya. Baba ya ba kowace ƙyallen da ya rage, na ɗankwali ko na rigar yaro, in salla ta zo ya haɗa mata da turmi guda mai sauƙin kuɗi. A gidanmu cika rumfa muke ce wa abin. Ba Baba kaɗai ke yi ba, rabin layin haka suke, kuma ban taɓa jin wanda ya ɗauke shi zunubi ba. Baba yakan ce ɗan Adam ba ya son abu sai ya ga wani yana so. Ni kuma abin da na ɗauka daga nan shi ne, duk inda na ga taro a kan kaya, sai in fara neman wanda zai raba ƙyalle da yamma.

A wajen cika rumfar nan na san aminina. Mahaifiyarsa tana cikin matan. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda a wani ɗaki a unguwar Kokoro, kuma duk cikinsu ba wadda ta kai ta iya yabon zani. Ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya. Sai dai ta shimfiɗa turmi a hannu, ta yi shiru tana kallo, can ta ce, "Kai, wanda ya zana wannan ganyen ya san ganye." Shi ke nan, mata su yi caa. Takan zo da ɗanta ta tura shi ƙarƙashin tebur wurina, mu yi ta cin gyaɗa muna kallon ƙafafun mutane. Inna nake ce mata, kamar yadda yake ce mata. Na ci tuwonta ba adadi, har da miyar da na san ba ta isa mutum biyu ba.

Da muka zama samari muka zama mu huɗu: ni, da aminina, da wani tela, da wani ƙato ɗan gidan mahauta. Akwai wani ɗaki a bayan shagon faci mai talabijin da na'urar gem, inda kowa ke zuwa buga ƙwallo. Mu ba ruwanmu da ƙwallo. Namu gem ɗin labari ne, irin wanda za ka zama wani jarumi, ka yi ta yawo gari-gari kana magana da mutane, kana kashe dodanni, kana ƙara ƙarfi, har damina ta wuce ba ka gama ba. Jarumai huɗu ne a ciki, kowa ya kama nasa. Aminina mai garkuwa, shi ke tsayawa a gaba yana shan duka. Tela mai baka. Ɗan mahauta mai gatari, wannan ba sai an yi shawara ba. Ni ne mai magani, ina baya ina warkar da su, don ni na fi su nisa a makaranta, ni ke karanta Faransancin in juya musu da Hausa da Sango. Ina juyawa ina ƙara nawa gishirin. Sarkin gari ya yi dogon jawabi, in ce, "Cewa ya yi ku miƙa wa mai magani abin bugawa, hannunku ya yi gumi." Su yi ta zagina, amma su miƙo.

Sai gari ya rikice da yaƙi, shekarun nan da ba ma son tunawa. Manyan motoci suka yi ta kwasar mutane suna fitar da su daga ƙasar. Tela ya faɗa Njamena, ɗan mahauta Yamai wurin dangin ubansa, aminina da Inna suka bi hanyar Kamaru har suka tsaya a Duwala. Ni na zauna, don Baba ya ce a nan aka binne ubansa, ba inda za shi. Aminina kafin tafiyarsa yana da shagon kayan gini nasa na kansa, da yaran shago. A Duwala rigunan waya yake sayarwa a kan faranti a bakin titi, kuma ba ya son a tambaye shi yaya kasuwa. Can Inna ta rasu. A waya na yi masa ta'aziyya, rezo, wato sabis ɗin waya, yana yankewa, ina maimaita "Allah ya ba da haƙuri" ban san ko yana ji ba.

To, bara sai wani sabon gem ɗin labari ya fito, na waya. Ba zan kama sunansa ba, ya ishe shi talla. Duk shafin da ka buɗe shi ne: miliyoyi sun sauke, an yi kaza, ba a taɓa ganin irinsa ba. Tun ranar farko na ce ƙarya ce. Gem ɗin labari a waya? Wannan ɗan gilashin da babban yatsa ke rufe rabinsa? Kuma wai kyauta! Haba, ruwa ba ya tsami banza. Na zauna na kalli masu yabonsa a bidiyo, na ga duk bakinsu ɗaya, kalma ɗaya suke juyawa, kamar yadda gwaggona takan ce "wannan ba ya zuba" a kan kowane turmi tun ba a kai shi ga ruwa ba. Na ce na gano ku. Babbar hujjata kuwa, wadda nake bugun tebur da ita, ita ce ba mutum ko ɗaya da ya zo shagona ya ce in zuba masa shi. Ban tsaya na tuna cewa wannan ba a zuba shi a kati ba, kowa da kansa yake saukewa, ba mai bukatata. Ko kuma na tuna, shi ya sa abin ya fi ba ni haushi.

Duk wanda ya kawo gyara sai ya sha huɗuba. Wani ɗan moto, mai haya da babur, ya tambaye ni, "Patron, gem ɗin nan da ake ta magana fa?"

Na ce, "Mvene!" wato ƙarya, da Sango, don ya shiga kunnensa da kyau. "Miliyoyin nan ka ƙirga su? Ka san mutum ɗaya a Sankilo da yake bugawa? Kawo mini shi nan in gan shi da idona."

Ya yi 'yar dariya ya karɓi wayarsa ya tafi. Mai canjin da ke gefena yana jina, kansa a sunkuye a kan tasa wayar. Na ɗauka lissafin kuɗinsa yake yi.

Ana cikin haka aminina ya turo mini saƙo. Dama halinsa ne. Tun da ya tafi, duk abin da ya gani ya burge shi sai ya turo mini: hoton jirgin ruwa a tasha, wani wa'azi, wata irin ayaba da bai taɓa gani ba. Kullum da kalma ɗaya, "Mutumina, duba wannan, yana da kyau." Wannan karon takardar gayyata ce ta shiga gem ɗin, da kalmar tasa a ƙasa. Na aika masa da hoton fuska mai dariya na share. Bayan kwanaki ya sake turowa. Ya ce tela ya shiga, ɗan mahauta ma ya shiga, ana iya bugawa mutum huɗu tare ko kowa yana ƙasarsa. Na ce ina da aiki. Ya sake turowa. A karo na ƙarshe na buɗe takardar don in samu abin zagi, sai na ga an rubuta a ƙasa da ƙananan baƙaƙe cewa duk wanda ya gayyato aboki yana da tukuici. Na buga cinya na ce, yauwa, ga ƙyallen nan!

Muna da wani guruf a waya na 'yan unguwa, waɗanda suka tafi da waɗanda suka zauna. Akwai dattawa a ciki, akwai mata, akwai yaran da aka tafi da su a goye yanzu sun yi gemu. Nan ake sanar da haihuwa da rasuwa. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na ci mishwi, gasasshen naman rago, na ƙoshi, ina zaune a shago, sai ga aminina ya rubuta a guruf ɗin, cikin wasa: "Jama'a, ku taya ni roƙon mai maganinmu. Mun gaji da mutuwa, shi kuma yana can yana jan aji." Mutane suka fara tsokanata. Wani ya ce tsufa ne, wani ya ce wayata ce ba za ta ɗauka ba. Wayata! Ni da ke gyara ta kowa! Nan take jinina ya hau. Na danna wurin ɗaukar murya, na gyara zama, har da yin gyaran murya irin ta mai shirin ba da dariya.

Na ce, "Mutumina, ni fa ɗan layin atamfa ne, a cikin dila na buɗe ido. Wannan taron da ake nuna muku duk cika rumfa ne. An tara mayunwata an ce su tsaya su yi ta yabon abin da ba su da kuɗin saye, in yamma ta yi a jefa musu ƙyalle su tafi gida suna godiya. Na ma ga an rubuta mai kawo mutum yana da tukuici. To faɗa wa jama'a gaskiya, ƙyalle nawa aka yi maka alkawari a kaina? In abin ya matse ne ka faɗa, ai mu 'yan'uwa ne, sai mu yi maka karo-karo."

Na rufe da dariya. Na saurari abina sau ɗaya, na ji ya yi daɗi, na tura.

Yara biyu ko uku suka turo fuskokin dariya. Daga nan guruf ya yi tsit, irin tsit ɗin da ba a saba ba ranar Juma'a. Ina ta leƙawa ina jiran a ce na kashe baki. Can sai wata tsohuwar maƙwabciyarmu, wadda yanzu take Garwa wurin 'yarta, kuma ba ta taɓa rubuta komai ba sai amin, ta turo layi ɗaya: "Allah ya jiƙan Inna."

Wani ya ce amin. Wata ta ce amin. Tela ya ce amin. Amin, amin, amin, suka yi ta jeruwa a ƙarƙashin muryata.

Innalillahi. Wallahi tallahi, har ga Allah, lokacin da nake maganar nan Inna ba ta zo mini a rai ba. Gwaggona nake gani, da murguɗa bakinta. Amma wa zan gaya wa haka? Duk wanda ya haura shekara talatin a guruf ɗin nan ya san wace ce ke tsayawa gaban rumfar Baba, ya san ɗan wa ake ɗinka wa rigar salla da ragowar ƙyallenmu. Na ce mayunwata. Na ce a jefa musu. Ni, da na ci tuwonta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi maza na goge muryar, amma magana zarar bunu ce, kowa ya riga ya ji. Gogewar ma sai ta ƙara muni, don amin ɗin suka rage a tsaye, a samansu an rubuta cewa na goge saƙo. Kafin la'asar na ga an rubuta aminina ya fita daga guruf.

Na kira shi, bai ɗauka ba. Na rubuta, ya nuna ya karanta, bai amsa ba. Na rufe shago da wuri na shiga kasuwa wurin ƙanwata, wadda take riƙe da rumfar Baba tun rasuwarsa. Ita ma tana guruf ɗin. Na same ta tana ninke shadda, ko kallona ba ta yi ba.

Na ce, "Kin ji abin da ya faru?"

Ta ce, "Yaya, har kurame sun ji."

"Ba da ita nake ba, kin sani."

"Na sani. Kai ba ka taɓa yi da kowa ba, bakinka ne kawai yake tafiya kai kana biye." Ta ajiye shaddar. "Kuma tsaya in tambaye ka. Wa ya ce maka ba a buga gem ɗin nan a Sankilo?"

"Wa yake bugawa?"

Ta zaro wayarta daga cikin jaka, ta buɗe, ta miƙo mini a fuska. Ga shi nan, da wata jaruma mai adda da ɗankwali ja. Ta ce ita tana bugawa, mai leshin da ke kallonmu tana bugawa, 'yan moto rabi suna bugawa in ba fasinja, har mai canjin gefen shagona, shi ne ma ya fi su nisa duka. Na ce to me ya sa ba wanda ya gaya mini? Ta ce, "A gaya maka a sha zagi? Kai da ka ce duk mai bugawa sakarai ne? In ka tunkaro kife waya ake yi." Ashe ni kaɗai ne kifin rijiya a kan titin nan, ina ta ihu ba kowa, alhali mutane ɓoye mini suke yi kamar masu shan taba a gaban uba.

Ta ce in matso. A gem ɗin, kowace ƙungiya tana da gida da take ginawa, kuma abokai suna iya shiga gidajen juna. Ta kai ni gidan su aminina. Ba wani gidan a zo a gani ba ne, ɗaki guda ne da tsakar gida, sai dai sun sa wani akwati a jikin bango a daidai inda talabijin ɗin shagon faci yake, sun jingina tayoyin keken doki a ƙofa. Ban bukaci a yi mini bayani ba. A gaban akwatin kujeru huɗu ne. Uku da kaya a kansu, garkuwa da baka da gatari. Ta huɗun wata kujerar katako ce mai munin tsiya, ba komai a kai.

Ta ɗora yatsa a kanta ta ce, "Ga tukuicin da kake faɗa. In ka gayyaci mutum, kujera ake ba ka ka ajiye masa. Ba a sayar da ita, ba a cin komai da ita. In ya shigo ta zama tasa."

Na ƙura wa kujerar ido.

Ta ce akwai wata ƙofa a cikin labarin da ba a wuce ta sai da mai magani, don dodon wurin dafi yake fesawa. Gem ɗin yana ba ka damar ɗauko baƙo daga ko'ina a duniya ya cike muku. Tela ya ce a ɗauko, ɗan mahauta ya ce a ɗauko, ita kanta ta ce za ta canja jaruma ta taimaka musu. Aminina ya ƙi. Ya ce suna da mai magani, yana nan zuwa, jan aji ne kawai irin nasa. Tun fitowar gem ɗin suke zuwa ƙofar nan su uku, a kashe su, su dawo.

Na tashi ban yi mata sallama ba. A hanya na wuce mai canji, ya yi sauri ya kife wayarsa a cinya. Na ce masa, "Buɗe abinka, malam, na sani." Kunya ta hana ni tsayawa in ga fuskarsa.

Na yi ta kira har na daina sa rai. Wata safiya ina buɗe bayan wata waya da ta faɗa ruwa, na sake gwadawa, sai na ji an ɗauka. Hayaniyar titi ce ta fara shigowa, hon da ihun 'yan kamasho, da wata mata tana tayin rigar waya da Faransanci. Na jira ya sallame ta. Duk jawabin da na tsara ya gudu. Na ce, "Mutumina, na yi abin kunya. Wallahi Inna ba ta zo mini a rai ba. Ka yafe mini, don Allah, don darajar iyaye."

Da ya buɗe baki kuma ba faɗa ya yi ba, ni kuwa faɗan na so.

Ya ce, "Na san ba ta zo maka a rai ba. Shi ne abin da ya fi yi mini ciwo."

Na ce, "Haka ne."

Ya ce, "Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba, tunda kai ne ɗan layin atamfa. In mun koma gida daga rumfarku, Inna ba ta iya yin shiru. Tana tuƙa tuwo tana ba ni labarin zanen da ta gani, mai ganye, mai tsuntsu, wanda shuɗinsa ya fi. Ni kaɗai ne a ɗakin, ba mai saye, ba mai ba ta ƙyalle. Har a Duwala, tana kwance ba ta iya tashi, ta tambaye ni ko na tuna wani mai ruwan goro da Baba ya kawo wata shekara. In ta ce zani yana da kyau, yana da kyau ɗin take nufi. Ƙaryarta ɗaya ce, da take yi kamar za ta iya saya."

Na riƙe wayar da hannu biyu. Wani ya tsaya a ƙofar shago da gyara, na yi masa alama ya tafi.

Ya ce, "Ni ma ban yi maka ƙarya ba. Na ga abu ya yi mini kyau, na ce ka duba."

Na ce, "Na sani yanzu."

Ya ce, "To ya wuce. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ka shigo, tela ya dame ni." Sai wani mai saye ya zo, ya ce zai kira, ya kashe.

A ranar na sauke gem ɗin. Ya cinye mini rabin yini da rezon nan namu mai tafiyar hawainiya, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke sau biyu, ina zaune ina zagin kamfanin da ya yi shi. Har gobe ban yarda da miliyoyin nan da suke faɗa ba, kuma har gobe ina cewa rubutun ya yi ƙanana, maganar sarakunan cikinsa ta cika tsawo. Amma yana da kyau. Abin haushi, yana da kyau ƙwarai, akwai wani gari a bakin ruwa da na tsaya ina kallo har batir ya mutu. Na ɗora jakar magani a kan kujerar nan mai muni. Da Juma'a ta zagayo muka tafi ƙofar mu huɗu, ni ɗan sabon shiga ba ƙarfi, aminina a gaba da garkuwa yana tare mini duka kamar dā. Muka kashe dodon. Ɗan mahauta ya yi ihu daga Yamai har sai da lasifikar wayata ta yi ƙara, tela yana ta "singila, singila", godiya da Sango, kamar an yi masa bushara. Aminina ya ce, "Madalla da mai magani." Na saurara da kyau ko zan ji wani abu a muryarsa, ban ji komai ba.

Yanzu duk Juma'a bayan masallaci muna bugawa. Ya koma guruf, muna gaisawa, yana tambayar iyali, in na yi ba'a yana dariya. Kowa ya ce ai magana ta mutu, ƙanwata ma haka ta ce. Ni kaɗai na san abin da ya rage. Jiragen ruwa ba su daina shiga Duwala ba, kuma na tabbata yana ganin abubuwa a titin nan kullum da suke burge shi, don haka Allah ya yi shi, ɗan Inna ne. Wani lokaci waya ta yi ƙara ina tsakiyar aiki, in ajiye abin da ke hannuna in duba da sauri, in tarar mai gyara ne yake tambaya ko an gama. Tun daga waccan Juma'ar da na tura muryar bai sake turo mini wani abu ya ce, mutumina, duba wannan, yana da kyau ba.